Wai Ɗin da Ya Faɗi a Hanya

Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso ƙofar gida tana sallama.

Ta zo mu ji ta, a shimfiɗa mata tabarma.

To, ku gyara zama. Kai Cindo, bar tsokanar ƙanwarka Tsahare, in ba haka ba in ja bakina in yi shiru.

Wani gari ne na namun daji, can gefen wani kwari. Manoma ne, gero suke shukawa. Suna da wata al'ada tun ta kakanni. In an yi girbi, kowane gida sai ya zaɓi zangarniyar da ta fi ƙoshi, ya ɗaure dami guda da kaba, ya kai rumbun gari. Wannan shi ne iri. Ba a sussuke shi, da zangarniyarsa ake ajiye shi. In rumbu ya cika sai Kurege ya hau, don shi ne gwanin hawa, ya liƙe bakin da laka. Ko yunwa za ta kwantar da mutum, ba a taɓa irin nan sai ruwan shuka ya sauka.

A garin akwai wata tsohuwa, Goggo Hawainiya, mai koyar da yara a gindin tsamiya. Ba saƙa take koya musu ba, ba noma ba. Tunani take koyarwa. Iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu, suka ce tunani kuma har sai an zaunar da mutum an koya masa? Uku kaɗai suka rage mata: Zabuwa, da Shirwa, da Bushiya.

Ita Bushiya marainiya ce. Iya Gafiya ce ta tsince ta tana jaririya, ta goya ta duk da ƙayar da ke sukan bayanta, har ta girma. Gafiya kuwa ba mai shiga harkarta a garin. Tun zamanin kakanninta ake cewa danginsu akwai ɗan hali, ko da yake ba wanda ya taɓa kama ta da allurar wani.

Wata rana Goggo ta zo makaranta da ƙwarya rufe da faifai. Kun san tafiyar hawainiya, kafin ta iso har Zabuwa ta yi gyangyaɗi ta farka. Ta ajiye ƙwarya a gabansu, ta ce, "Yara, an ce nono ne a cikin nan."

Sai Zabuwa ta daka tsalle. "Nono! Nono! Goggo ta kawo nono!"

Goggo ta ce, "Zauna. Wannan shi ne hawa na farko, tunanin kunne. Magana ta shiga ta kunne, ta fita ta baki, ko gaisawa da ƙwaƙwalwa ba ta yi ba."

Sai Shirwa ta sa ƙafa ta ɗaga faifai, ta leƙa. Ta ce, "Fari ne fat, Goggo. Nono ne. Ni ba ji na yi ba, gani na yi."

Goggo ta ce, "Kin ɗara ta da taki ɗaya. Wannan hawa na biyu ne, tunanin ido."

Bushiya ta zagaya ƙwarya, ta shinshina, ta sake zagayawa. Sai ta ce, "Goggo, in nono ne, me ya sa ko ƙuda ɗaya bai sauka ba? Kuma wa ke da saniya a garin nan?"

Shirwa ta ce, "Ke dai kin faye surutu." Ta tsoma baki ta kurɓa. Sai ta furzar, ta hau tari, idanu suka yi jawur. Ashe farar ƙasa ce Goggo ta dama da ruwa.

Goggo ta juya ido ɗaya gaba, ɗaya baya, ta ce, "Abin da Bushiya ta yi shi ne hawa na uku, tunanin ƙeya. Ido a gaba yake, abin da aka ajiye masa shi yake gani. Ƙeya ita ke tambayar abin da ke baya: wa ya ajiye, don me ya ajiye, in ba haka ba ne to mene ne. Ni Allah ya sauƙaƙa mini, nawa idon yana juyawa. Ku kuwa sai kun sha wuya."

Ana nan ana nan, bazara ta yi tsanani. Abinci ya ƙare a gidaje, kowa yana lallaɓa cikinsa da rama da tafasa. Sai Allah ya kawo ruwan shuka, ya sauka sosai. Washegari da safe gari kaf ya taru a gindin rumbu, kowa da ƙwaryarsa. Mai Gari Gadu yana gaba, mai zafin rai, mai haure biyu. Kurege ya hau, ya fasa laka, ya leƙa. Sai ya ƙwalla ƙara, ya saki hannu, ya faɗo tim, ya sume.

Shirwa ta tashi sama ta leƙa. Ta dawo baki buɗe. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba komai."

Gadu ya ce, "Ba komai kamar yaya?"

"Ba komai. Dami sittin, ko zangarniya ɗaya babu."

Tabɗi! Ƙwaryar wata tsohuwa ta suɓuce ta fashe, ba wanda ya waiwaya. Sai salati ya ɓarke, wannan ya ɗora hannu a ka, wancan ya zauna daɓas a cikin caɓi. Ga ƙasa ta jiƙa tana jira, ga rumbu wayam. Kowa ya san garin da bai shuka ba a makon nan, baɗi ba shi.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai aka ji Hankaka, sanƙiran gari, a kan rimi yana shela: "Jama'a ku ji! Gafiya ta cinye irin gari! Gafiya ta cinye irin gari!"

Ai kuwa sai gari ya kwasa a guje. Suka iske Iya Gafiya a ƙofar gidanta tana shara. Suka danne ta, suka ɗaure hannu, suka ɗaure ƙafa, suka naɗe mata baki da igiya, wai bakin da ya ci iri bai cancanci magana ba. Suka ja ta har gindin rumbu. Gadu ya nuna tsohuwar rijiya da ke gabas da wurin, ya ce, "Da inuwar rumbun nan ta taɓa bakin rijiyar can, a jefa ta ciki. Na gama magana."

Bushiya ta ruga gindin tsamiya tana kuka. "Goggo, za su kashe mini Iya! Goggo, ki taso!"

Goggo ta ce, "Zan taso, amma kin san ni da hanya. Kafin in iso rana ta yi nisa. Share hawayenki. Fara daga ƙasa, daga kunne. Bi maganar nan baki-baki har ki kai inda aka haife ta. Kowa kika tarar, ce masa ya maimaita yadda aka gaya masa, kalma-kalma."

Sai Bushiya ta nufi rimi. Ta ce, "Baba Hankaka, ka ga Iya ta ci iri?"

Ya ce, "Ni sanƙira ne, 'yar nan. Aikina faɗa, ba gani ba. Zabuwa ce ta gaya mini."

"Yaya ta ce, kalma-kalma?"

Hankaka ya sosa farin ƙirjinsa. "Cewa ta yi, wai Gafiya ta cinye iri."

"Wai? To, Baba, ina wai ɗin? Ban ji shi a shela ba."

"Au, shi? Kurege ne yana kusa, bai daɗe da farfaɗowa ba. Ya ce shela da wai ba ta da nauyi, in cire. Sai na cire. Ai ɗan ƙaramin abu ne."

Bushiya ta dube shi. Ɗan ƙaramin abu, ga mutum can a ɗaure!

Sai ta nufi gidan Zabuwa. Ta ce, "Ke, kin ga Iya ta ci iri?"

Zabuwa ta ce, "Ni? Ina na gani? Kawu Kwaɗo ne ya gaya mini a bakin tafki."

"Yaya ya ce, kalma-kalma?"

"Ya ce, anya kuwa ba Gafiya ba ce?"

"Ke, wannan ai tambaya ce!"

Zabuwa ta karkace kai. "To, tambaya ba ta da daɗin kaiwa. Sai na ɗan gyara ta."

Kun ji ɗalibar Goggo, shekara guda a gindin tsamiya. Ni da nake ba ku labarin ma raina ɓaci yake in na zo nan.

Sai Bushiya ta nufi tafki. Ta tarar da Kwaɗo ya fito da kai yana shan iska. Ta ce, "Kawu, kai ka ce Iya ta ci iri?"

Ya ce, "A'a, kar ki ɗora mini. Ni tambaya na yi. Ji na yi wata ta ce kwana uku ke nan Gafiya tana dawowa gida da kumatu cike da gero. Da aka ce rumbu wayam, sai abin ya faɗo mini a rai."

Ƙayoyin Bushiya suka miƙe. "Wace maƙaryaciya ce ta faɗi haka? Gaya mini sunanta, Kawu, yau sai na soke ta!"

Kwaɗo ya zuba mata manyan idanunsa, ya daɗe bai ƙifta ba. Sai ya ce, "Ke ce, 'yar nan. Jiya da hantsi da kika zo ɗibar ruwa. Kina ta murna, kina cewa kun kusa shan kunu."

Innalillahi! Sai Bushiya ta tuna. Ita ce. A nan ta tsaya da tulunta, a kan wannan dutsen, ta faɗa da bakinta tana dariya. Maganar ta fita daga bakinta tana murna, ta zama tambaya a bakin Kwaɗo, ta zama wai a bakin Zabuwa, ta zama hukunci a bakin Hankaka. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ta ɗaga kai ta ga rana ta tsaya tsaka, sai ta juya ta ruga cikin gari.

Ta iso gindin rumbu ta tarar Shirwa ce a tsaye tana ba da shaida. Shirwa tana cewa, "Ranka ya daɗe, ni ba na aiki da an ce. Safiya uku a jere ina sama, na ga Gafiya ta shigo gari da kumatu kamar za su fashe. Kuma yanzu mun bincike ɗakinta. Ga abin da muka tarar a ƙarƙashin gado."

Aka dire wata 'yar tukunya a tsakiyar fili. Aka buɗe. Gero ne.

Jama'a suka ɗauki ihu. Bushiya ta leƙa, ta ga gero, ta gane tukunyar, ita take wanke ta kullum. Zan gaya muku gaskiya, a wannan lokacin ita ma ta yarda. Ta juya ta dubi Iya Gafiya da irin kallon da sauran gari suke yi mata. Iya kuwa ta ga kallon nan. Ba ta yi hawaye ba da aka danne ta, ba ta yi ba da aka ja ta a ƙasa, sai yanzu hawaye ya gangaro ya jiƙa igiyar bakinta.

Can sai ga Goggo Hawainiya ta iso, tana ɗaga ƙafa tana ajiyewa. Ta matso kusa da Bushiya, ta ce a hankali, "Me kika gani?"

"Goggo, Iya ta yi sata."

"Ban tambaye ki abin da kika yanke ba. Me kika gani?"

"Gero. A tukunyar Iya."

"Kin ga sata a cikin tukunyar?"

Bushiya ta sake leƙa tukunyar. Sai ta ce, "Gero kawai na gani."

"To, ido ya gama nasa. Sa hannu, ki bar ƙeya ta yi aiki."

Bushiya ta cusa hannu ta damƙo. Ta murza. Ta ji yashi yana ƙaras-ƙaras, ga 'yan tsakuwa, ga ƙasa. Ta dubi geron, ta dubi rumbu, ta sake duban geron. Inuwar rumbu kuwa ta fara miƙewa gabas, saura taki goma ta kai rijiya.

Sai ta je gaban Mai Gari ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ina da tambaya uku. In na gama, inuwa tana nan, rijiya ma tana nan."

Kurege ya yi farat ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar gidanta ce fa. Ɓata lokaci take so."

Gadu ya ce, "Yi maza."

Ta ce, "Ta farko. Yaya ake ajiye iri a rumbu?"

Gadu ya yi tsaki. "Ko jariri ya sani. Da zangarniyarsa, a dami."

"Wannan kuwa tsaba ce, ranka ya daɗe. An sussuke ta, an sheƙe. Dami sittin ba ya sussukuwa a ɓoye cikin ɗaki. Sai an yi kwanaki ana luguden taɓarya, ƙaiƙayi ya cika unguwa. Zabuwa, katangarku ɗaya da mu. Kin ji daka a gidanmu?"

Zabuwa ta ce, "Da na ji ai da gari ya ji."

Wasu suka fara kallon juna.

"Ta biyu. Dami sittin aka rasa. Ga tukunya, ko wuyanta bai cika ba. Ina sauran? In a cikinta yake, ku dubi cikin."

Aka dubi Iya Gafiya a kwance. Haƙarƙarinta ana iya ƙirgawa daga nesa.

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, inuwa tana tafiya fa."

Gadu ya daka masa tsawa. "Rufe mini baki! Ta uku?"

Bushiya ta ce, "Tun safe, wa ya tambaye ta inda ta samo?"

Gadu ya dubi Hankaka, Hankaka ya dubi Shirwa, Shirwa ta dubi ƙasa. Gari guda, tun safe har azahar, an kama, an ɗaure, an yanke hukunci, ba wanda ya ce mata ko kanzil. To da wane baki ma za ta amsa, an naɗe shi?

Gadu ya ce, "A kwance mata baki."

Aka kwance. Kumatunta sun kumbura, igiya ta yi shata. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ruwa." Aka ba ta. Sai ta ce, "Kala na yi. Can ƙasan kwari, bayan babban suri. Na je neman itace, na tarar wani ya yi sussuka a wurin, ya sheƙe, ya bar tsaba warwatse cikin yashi. Na ɗauka wani mai hali ne daga wani gari. Na riƙa tsinta ƙwaya-ƙwaya ina kawowa. Tun yaushe kala ta zama sata a garin nan?"

Gadu ya miƙe, jama'a suka bi shi, aka kama hanyar kwari, Gafiya ana tallabe da ita. Suka zagaya bayan suri. Sai suka tsaya cak.

Ƙaiƙayi ne tuli guda, ya fi Gadu tsawo, ruwan jiya ya jiƙa shi. Ga kabar ɗaurin dami an tsinka an watsar. Kowane gida da irin ƙullinsa, sai kowa ya duƙa yana tsintar nasa. Wata ta ce, "Wayyo, ga nawa!" Wani ya ce, "La'ilaha, ga namu!" Gadu ya ɗago wata kaba mai ƙulli biyu. Tasa ce.

Ya ce, "Wane ne? Wa ya yi mana wannan?"

Nan take aka fara jefo sunaye. Wannan ya ce Ɓera ne, wancan ya ce Biri ne, wata ta ce an ce an ga baƙi. Bushiya ta ɗaga murya. "Jama'a, mun koma kunne ke nan! Ku tsaya. Gero dami sittin ba ya narkewa. Wani wuri ya tafi. A bazarar nan da kowa ke cin rama, a gidan wa aka ga hatsi ya wadata?"

Kowa ya yi tsuru-tsuru yana tunani. Sai aka ga Goggo Hawainiya tana sauya launi. Daga kore ta koma rawaya, daga rawaya ta koma fari kamar toka. Idanunta biyu, da ba su taɓa kallon wuri ɗaya ba, suka tsaya cak a kan mutum guda. Ta ce, "Sunan tagwayen Kurege."

Subhanallahi! Ku da kun ga fuskoki. Kwana bakwai da suka wuce matar Kurege ta haifi tagwaye... a'a, suna aka yi kwana bakwai da suka wuce, haihuwa ta riga. Kurege ya yi bikin da ba a taɓa gani ba a garin. Fura randa-randa, tuwo akushi-akushi, kunu har ana wanke hannu da shi. Kwana uku ana ci ana sha. Kurege da gonarsa ba ta fi tabarmar da kuke zaune a kai ba.

Zabuwa ta dafe ciki. Shirwa ta buɗe baki ta kasa rufewa. Hankaka, wanda ya yi wa Kurege kirari ranar har muryarsa ta dishe, ya zame daga reshe saura kaɗan ya faɗo. Gadu ya ja da baya ya zauna a kan ƙaiƙayi bai sani ba. Ya ce, "Ƙwarya uku na sha. Har na sa aka kai mini gida."

Goggo ta ce, "Ni ludayi biyu na sha, na sa albarka. Shekara nawa ina koyar da tambaya, ban ce daga ina ba. Da ke daɗi ne ya zo, ƙeyata barci ta yi."

Bushiya ma ta sunkuyar da kai. Ita har da guzurin tuwo ta ɓoye a ganye.

Aka waiga neman Kurege. Ai tuni ya ɗare ƙololuwar wata kanya. Jama'a suka ɗauki ihu, "A jefe shi! A kamo shi!"

Bushiya ta ce, "Ku tsaya. Shi ma a tambaye shi." Ta ɗaga kai. "Kawu Kurege, kai ka ɗebe irin?"

Kurege ya gyara zama a kan reshe, ya kaɗa bindi. Ya ce, "Ɗiba dai na ɗiba, 'yar nan. Ni ke liƙewa, ni na san inda lakar take da taushi. Amma ci, ban ci ni kaɗai ba. Naku na dama muku, kuka sha, kuka yi mini addu'a. Mai Gari da bakinsa ya ce ba a taɓa namiji irina ba. Kwana uku kuna shiga gidana kuna fita. Wa ya tambaye ni? In rijiya za a jefa wanda ya ci iri, to ku yi layi, ni zan zo ƙarshe."

Ya faɗi haka, ya tsallaka wata bishiya, daga nan wata, sai daji. Ba wanda ya ko ɗaga ƙafa ya bi shi, jiki duk ya mutu.

Sai wata murya ta ce daga baya, "Ni ban sha ba."

Aka juya. Iya Gafiya ce, tana murza shatar igiya a hannunta. Ta ce, "Ba a gayyace ni ba. Ba a taɓa gayyatata ba."

Ku duba wannan al'amari. Duk garin, mutum ɗaya tak ce ba ta da irin gari a cikinta, ita aka ɗaure. Kuma duk garin, ƙwayar geron da ta rage wadda za a iya shukawa tana cikin 'yar tukunyar nan da aka kawo shaidar sata.

Suka koma gindin rumbu jiki a sanyaye. Inuwa ta riga ta haye bakin rijiya ta wuce. Gadu, da duk girman kansa, ya durƙusa a gaban Gafiya har haurensa na taɓa ƙasa. Ya ce, "Iya, mun zalunce ki. Ba mu da bakin roƙo, amma ƙasa ta jiƙa."

Gafiya ta daɗe tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ta jawo tukunya, ta ce kowane gida ya kawo hannu. Ta riƙa zuba musu ɗan kaɗan-kaɗan, da yashin da tsakuwar. Aka watse zuwa gona, ba mai iya haɗa ido da wani.

Da fili ya rage su biyu, sai Bushiya ta matso. Ta ce, "Iya, akwai abin da ba ki sani ba. Maganar nan daga bakina ta fara. Ni na faɗa a tafki cewa kina dawowa da kumatu cike."

Gafiya ta ce, "Wannan ba komai, 'yar nan. Gaskiya kika faɗa, kumatuna sun cika. Kuma yau kin cece ni, Allah ya yi miki albarka." Ta kife tukunyar da ba komai a ciki, ta karkaɗe. Sai ta ce, "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Safiya uku ina shigowa ta gabanki da geron nan, ba ki ce Iya daga ina ba. Yau kin tambayi Hankaka, kin tambayi Zabuwa, kin tambayi Kwaɗo, kin tambayi Mai Gari. Ni da muke kwana ɗaki ɗaya, ni ce ta ƙarshe. Kuma kafin ki tambaye ni, sai da kika yi mini kallon nan."

Kunya ta rufe Bushiya. Sai ta cusa bakinta cikin cikinta, ta dunƙule a wurin, ta ƙi buɗewa har sai da Iya ta ɗauke ta haka nan ta kai ta gida. Shi ya sa har yau in kun tarar da bushiya kuka yi mata magana, ba ta amsawa nan take. Dunƙulewa take yi tukuna.

To, kun ji. In an kawo muku magana, ku nemi wai ɗinta, ku ji a bakin wa ya faɗi. In kun gani da ido, ku sa hannu ku murza. In an miƙo muku mai daɗi, shi ma ku tambayi daga ina, don a nan ne har malamai suke mantawa. Kuma wanda ake magana a kansa, shi ake fara tambaya, ba shi ake bari ƙarshe ba. Ke Tsahare, na ga kina kallon Cindo. Da ke ma nake.

Kurunkus, ta naɗe tabarmarta ta kama hanya.